Kwamfutar Kawu Ta Shiga Firiza

Zuwa ga taubashiyata Mai Allura,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa mai yawa, wadda ba ki cancanta ba amma na ba ki kyauta. Ina fatan kina lafiya, ke da marasa lafiyar da Allah ya jarraba da hannunki. Mu nan lafiya lau. Innarki ta ji sauƙin gwiwa, har ta bi ni da tsintsiya shekaranjiya, kin ga kuwa magani ya yi aiki. Gwaggonki da ta haife ni tana gaishe ki.

Takarda na rubuto saboda har yau lambata a toshe take a wayarki. Na sani, na kira ki da muryar shugabar asibitinku na ce an mayar da ke aiki ɗakin gawa, kika yini kina kuka. Amma fisabilillahi abin ya kai a yanke zumunci? Yanzu ga shi kin sa ni zanen boko kamar kaza ta taka tawada, ni da allo kaɗai na sani. Direban motar magungunanku ne zai kawo miki. In ya buɗe a hanya, ya sha wahalar karatu.

Maganar kwamfutar marigayi Kawu ce. Ɗakin da yake buga wa mutane takardu ya fara yoyo, Inna ta ce a kwashe komai kafin a taɓa rufin. Har ta kira mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, na tarar ya ɗaga kwamfutar yana jijjiga ta kusa da kunne kamar mai zaɓen kankana. Na ce ya ajiye. Na tuna yadda Kawu yake tura ƙofa a shekararsa ta ƙarshe, ya kafa baki a 'yar makirufon nan yana yi miki magana, ya ce sai kin gama karatu za ki ji. Kin gama, kin kama aiki, ba ki ji ba.

Na kunna ta. Ta yi gurnani, ta nuna hotonki da Kawu a fuskarta, sannan ta tsaya cak. Na je na yi wanka na dawo, 'yar kibiyar nan tana inda na bar ta. Na ɗauki kwamfutar a ka zuwa wurin mai gyara na bakin tasha, tsohon nan mai gilashi biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya ce ba mutuwa ta yi ba, kaya ne suka yi mata yawa. Manhajar da ke tuƙa ta ta fi ƙarfin tsufanta, kamar a ɗora wa Inna buhun siminti a ce ta hau bene. Ya ce akwai marasa nauyi da ake samu kyauta a intanet, an yi su ne don tsofaffi irin wannan, amma shi ba shi da lokacin nema, in nemo da kaina.

Izininki nake nema. Kin ga na girma.

Naki,
Aku

*

Aku,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, na ji daɗin labarin gwiwar Inna. Ka gaishe mini da Gwaggo, ka ce Allah ya ƙara mata haƙuri da kai.

Na karanta takardarka sau biyu, na ɗaga ta a hasken taga ko akwai abin da ka ɓoye a tsakanin layuka. Tun da nake da kai ban taɓa jin ka nemi izinin kowa ba, ko ranar da ka ɗinke bakin aljihun wandon Baba. Mutumin da ya saba shiga ta taga ya zo yana sallama a ƙofa, dole in duba abin da ke hannunsa.

Me kake so da ita? In sayarwa za ka yi, ka faɗa. In wasan ƙwallo kake so ka zuba a ciki, ka faɗa. Na tambayi wanda ke kula da kwamfutocin asibitinmu, ya ce duk wanda ya sa wa kwamfuta sabuwar manhajar tuƙi, abin da ke cikinta ya tafi ke nan, kamar an share ɗaki. Ka san wannan ka ƙi rubutawa, ko mai gilashi biyun ne bai gaya maka ba?

Ba mantawa na yi da maganar Baba ba. Na kunna ta bayan sadakar arba'in ta ƙi motsi, kuma wallahi wani sashe na zuciyata daɗi ya ji, don ban shirya ba. Amma rashin shiri daban, a goge daban. Ba ni da muryarsa a ko'ina sai a nan.

Kada ka taɓa ta. Ka ɗauke ta daga ƙarƙashin yoyon, ka rufe ta da bargo, ka cire hannunka har in samu hutu.

'Yar kawunka

*

Mai Allura, likitar da ba ta kai ba,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, sai Gwaggonki da mura, ta ce kada ki aiko da magani, tana son ranta.

Takardarki ta iso ta tarar aikin gama ya gama, don direbanku ya tsaya gyaran taya a wani gari kamar zai yi aure a can. Amma kwantar da hankalinki. Mutumin asibitinku gaskiya ya faɗa, sai dai rabi ya faɗa. Shi yana maganar manhajar da za ta shiga gida ta tare. Ni kuwa a kan filas na ɗora tawa, ɗan ƙarfen nan kamar yatsa da ake sokawa a gefe. Daga nan take tuƙa kwamfutar, ba ta shiga ciki. Baƙo ne ya zauna a ƙofa a kan tabarmarsa, yana leƙa ɗaki, ba ya taɓa kayan mai gida. In an zare filas, baƙo ya tafi.

Neman ne ya ba ni wahala. Na yini a shagon intanet, mai shagon yana karanta mini Turancin yana hura hanci. Ta farko da na sauko da ita suna ce mata mara nauyi, ƙarya suke, kwamfutar ta yi nishi ta kwanta. Ta biyu ta tashi da wani rubutu da ko mai shagon bai san na wace ƙasa ba ne. Wata kuma ta ce wannan kwamfutar ta tsufa da yawa, haka ƙiri-ƙiri, ba kunya ba tsoron Allah. Sai na faɗa wani zaure a intanet inda masu tsofaffin kwamfutoci ke hira kamar 'yan fansho, wani ya ambaci wata 'yar ƙarama wadda ko hoton biki ɗaya ya kusa fin ta nauyi. Ba ta da ado, ba furanni, fuska toka-toka kamar ta shugabarku. Na soka, na kunna, kafin in gyara zama ta tashi. Tsohuwa ta miƙe tana gudu.

Na leƙa ciki. Takardun mutane ne birjik, na haya, na neman aiki, na ƙorafi. A can ƙasa akwai jaka ɗaya da Kawu ya sa wa suna 'Yata. Ban buɗe ba. Rantsuwa ba kyau, amma ban buɗe ba.

Abu ɗaya ne bai yi mini ba. Faifan ciki, wanda komai ke kwance a kansa, yana wani ƙas-ƙas kamar mai tauna tsakuwa. Mai gyara ya kara kunne, ya sauko da gilashin goshi ya haɗa da na ido, ya ce in kwashe abin da nake so tun yanzu. Shi ya sa ba zan jira hutunki ba. Ki yi fushi, fushi ba ya lalacewa, faifai yana lalacewa.

Aku

*

Aku,

Gaisuwa. Ina lafiya, in har wannan lafiya ce.

Ka yi shiru. Direba ya zo sau biyu hannu rabbana, ya ce in ya tsaya a ƙofarku sai a ce ka fita. Jiya na hau tudun bayan asibiti inda waya ke kamawa, na kira Inna. Ga abin da ta gaya mini, ka karanta da kyau.

Ta ce hotona da Baba ya ɓace daga fuskar kwamfutar. Ta ce ka kwance cikinta da sukudireba, ka ciro wani ƙarfe, ka naɗe shi a leda, ka kai firizar mai ƙanƙara ta bakin layi ka tura shi ƙarƙashin ruwan sayarwa. Ta ce ta gan ka da ido kana gudu da shi a titi kamar wanda ya saci nama. Ta ce ka yi mata tsawa a cikin gidanta, ka manne makunnin bango da salatif.

Ni nas ce, na san abin da ake sakawa a firiza. Ba masu rai ba ne.

In ka lalata ta ne kana neman yadda za ka rufe, ka faɗa mini kai tsaye. In kuma wani sabon wasa ne kake haɗawa don ka ba abokanka dariya, to ka sani ba shugabar asibiti ba ce wannan karon, mahaifina ne, wan mahaifiyarka. Baƙon da ka ce yana zaune a ƙofa, ashe har ya kwashe mai gida ya kai shi ƙanƙara.

Ka amsa da motar nan, in ba haka ba takarda ta gaba Gwaggo za ta karɓa.

'Yar kawunka

*

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Murar Gwaggonki ta koma kaina, ga kuma ciwon ƙafa na gudu.

Duk abin da Inna ta faɗa haka ne. Na yi shiru ne don ba na son in rubuto miki rabin labari.

Ranar da na aika takardar can, na kwashe jakarki daga faifan na ajiye a fuskar sabuwar manhajar. Ta daɗe tana kwafa, faifai yana ta tauna tsakuwarsa, amma ta gama. Ga jaka ina kallo, 'Yata, cike. Filas ɗina ƙarami ne, manhajar ta cinye wurin, sai na fita aro babba wurin mai shagon intanet. Na bar ta a kunne.

Kin san Inna da makunni. Tun ranar da dutsen guga ya ƙone wa Kawu riga, ba ta wuce soket a kunne ta bar shi. Wayar mutum tana caji za ta kashe, ta ce ai ta sha ya isa. Ta shigo ɗauko bokitin yoyo, ta ga wuta tana ci ba kowa, ta danna. Na dawo na kunna, fuska wayam. Ashe 'yar manhajar nan abin da ya sa ba ta da nauyi, ba ta riƙe komai. Duk abin da ka ajiye mata, a ka take riƙewa, wuta na ɗaukewa ta manta, kamar allon da aka wanke. Kowa a zauren tsofaffin nan ya san haka, ba wanda ya ga dalilin faɗa. Ni na ɗauka abin da ido ya gani a ajiye yake. Na yi wa Inna tsawa, gaskiya ne, kuma na je na durƙusa daga baya, ta ce in tashi na cika mata hanya.

Na koma in sake kwafa, faifai ya ƙi juyawa sam. Ƙas ɗaya, shiru. Mai gyara ya ce dabara ɗaya ta rage, ta 'yan da, wani lokaci ta ci wani lokaci ta ƙarasa shi: a sanyaya shi sosai, ƙarfen ciki ya ɗan tsuke, ya juya na ɗan lokaci kafin ya yi ɗumi. Ya ce kada ruwa ya taɓa shi, shi ne ledar. Mai ƙanƙara da farko ya ƙi, ya ce ba a binne masa asiri a cikin sana'a. Sai da na yi masa muryar surukarsa tana cinikin ƙanƙara ya yi dariya ya buɗe.

To haka na yi ta yi. In sa, in jira, in ɗauko a guje kafin rana ta taɓa shi, in jona, in kwafa kai tsaye cikin babban filas, ya yi ɗumi ya tsaya, in mayar. Salatif ɗin makunni kuma kin san dalilinsa. Hotonku bai ɓace ba, yana kan faifan, baƙo ne ya tare fuskar.

Ban samu duka ba. Saƙonnin murya biyu na ƙarshe a jakar sun ƙi fitowa, faifan ya yi shirun da ba ya tashi. Sauran suna cikin filas ɗin da ke naɗe a wannan takardar. Ki ce wa direba ya cire hannunsa daga kai.

Aku

*

Aku,

Na karɓa. Ina lafiya.

Na ari kwamfutar ofis bayan an tashi aiki, na rufe ƙofa, na sa abin kunne. Na saurari na farko har rabi na cire.

Wannan ba muryar Baba ba ce.

Baba muryarsa kauri gare ta, tana fitowa daga ƙirji, yana jan ƙarshen magana, yana gyaran murya kafin ya kira sunana. Wannan siririya ce, tana sauri, wani wuri har tana rawa. Na zauna na lissafa abin da ke gabana: faifai ya mutu a hannunka, ka ji tsoron takardar da na ce zan aika wa Gwaggo, ka yi kwanaki ba a ganinka, sannan ga filas ya fito da muryar mamaci daga hannun mutumin da duk unguwa ta san sana'arsa kwaikwayon murya. Har da cewa biyu sun ƙi fitowa, don labarin ya yi kama da gaskiya. Ka iya, ban hana ka ba.

Da ka ce mini ya lalace, da na yi kuka na haƙura. Amma ka zauna ka ƙirƙiro abin da uba zai gaya wa 'yarsa, ka sa a bakinsa yana kabari. Ban san ko tausayi ne ya sa ka ko tsoro ba, kuma ban damu in sani ba. Abin da ya fi ba ni haushi, ko kwaikwayon ba ka yi da kyau ba.

Kada ka sake rubuto mini.

'Yar kawunka

*

Yaya,

Sallama. Kowa lafiya. Kin ce kada in rubuto, amma ban taɓa jin maganarki ba, ba yau zan fara ba.

Duk zagin na shanye, sai ɗaya. Ki ce ban yi da kyau ba? Ni? Da ni ne na yi, da kin yi kuka tun kalmar farko.

Na ce ban buɗe jakar ba, kuma ban buɗe ba sai da takardarki ta zo. Ina da kwafi, na jona 'yar sifika na kunna a ɗakin Kawu, ƙofa a buɗe. Ni ma da farko na tsaya, don ba haka nake yin sa ba. A tsakiyar na uku yana cikin yi miki maganar haƙuri da mutane, sai ya juya ya ɗaga murya ya ce, «Ke, rage rediyon nan mana, ina aiki.» Inna tana tsakar gida tana wanke-wanke. Ta ce, «To, na rage.» Har ta miƙa hannu wajen taga inda rediyon yake zama da. Sannan ta tsaya da hannun a sama, kumfa yana ɗiga.

Shekara nawa ina yi wa Inna muryar Kawu daga bayan ƙofa, tun yana raye. Ko sau ɗaya ba ta taɓa amsawa ba. Cewa take, «Aku, ka ji tsoron Allah, ka zo ka ɗebo mini ruwa.»

Na san za ki ce wannan ma ƙirƙira ce. To kada ki yarda da ni. Ga wani filas. Na ɗauki kaina ina faɗin abin da ya faɗa a na farko, kalma da kalma, da muryar da na saba yi muku a tsakar gida. Ki sa su gefe da gefe. Ke ce mai ilimi, ki auna.

Aku

*

Aku, ɗan Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ka gaishe da Inna da Gwaggo, da mai ƙanƙara.

Na sa naka, a take na ce ga Baba. Kaurin, jan maganar, gyaran muryar, komai. Sai na tsaya ina tunanin yaushe na ji Baba ya yi gyaran murya irin wannan, na rasa. A bakinka na ji. Tun rasuwarsa duk hutun da na zo sai an taru an ce Aku yi mana Kawu, kai kuma kana ƙara gishiri don a yi dariya, muna dariya muna share hawaye. A hankali taka ta hau kan tasa ta zauna. Muryar da nake ji a kaina duk shekarun nan in na tuna mahaifina, taka ce.

Na koma na farkon na saurara har ƙarshe. Siririya ce saboda ba shi da lafiya lokacin, ni da nake nas ban gane numfashin ba. Yana sauri ne saboda yana gajiya. A na huɗu ya manta abin da zai ce, ya yi shiru, ana jin kujerar nan tasa tana ƙara, sannan ya yi wa kansa dariya ƙasa-ƙasa. Kai ba ka taɓa iya yin shiru haka ba.

Abin da na rubuta maka a waccan takardar, ka yaga ta. Na kira Inna ban tambaye ta komai ba, ita ce ta ce, «Kin ji babanki?» Biyun da suka ƙi fitowa, ka ajiye mini faifan yadda yake a ledarsa, kada mai gwangwan ya gan shi.

Saura magana ɗaya. A ƙarshen naka, bayan ka gama kalma da kalma, na ji «Baba» ya yi gyaran murya ya ce, «Kuma 'yata, kwamfutar nan a bar wa Aku, yaron kirki ne.» Na duba na asalin, babu wannan. Allah ya shirye ka.

Ka riƙe ta, da baƙon naka mai mantuwa. Ka cire wa Inna salatif daga makunninta.

Na buɗe lambarka. Ranar Juma'a da yamma zan hau tudu. Ka kira, amma da muryarka, in har kana tuna wacce ce.

'Yar kawunka,
Mai Allura